Zoben Mai Fara Sauka

Daga bakin masuntan Tafkin Maje na ji wannan labari, su kuma suka ce gadonsa suka yi. In da ƙari a ciki, to, yana wuyansu.

A Tudun Kaba, ƙauyen da ke gaɓar tafkin, ba da wata ake gane ƙarshen kaka ba, sama ake kallo. Ranar da shamuwa ta fara taruwa a kan tsamiya tana shirin komawa kudu, agwagin ruwa kuma suka ɓullo daga arewa, ayari bayan ayari, to kowa sai ya wasa laujensa, shinkafa ta isa yanka. Amma baƙin nan ba sa sauka da ka. Sai wata 'yar agwagwa mai farin layi a gira ta ware daga cikinsu, ta kewaya tafkin da gonaki, ta dira ita kaɗai, ta leƙa nan ta leƙa can. In ta yi kuka, sannan sauran su zubo.

Duk garin ba wanda ya kai Korau maharbi sanin tsuntsayen nan, kuma ba wanda ya kama ƙafarsa a zargi. In ka gaishe shi da fara'a, ya yini yana tunanin abin da kake nema a wurinsa. In ka wuce ba ka gaishe shi ba, ya gyaɗa kai ya ce ai dama ya sani. Ko fura aka ba shi sai ya tone ta da ludayi har ƙasan ƙwarya. Ya taɓa aure, baiwar Allah ta gaji da rantse-rantse ta kama gabanta.

Yana da ƙane guda, Cindo, wanda aka haifa da ɗan yatsa na shida a hannun dama, uwarsu ta hana a yanke. Shi kuwa Cindo, ka ce masa tafki ya koma kan tudu, sai ya ɗauki tulu ya nufi can. Gonar ubansu aka raba musu, kunya guda ce a tsakani. Ba su taɓa faɗa ba, don ba a iya faɗa da Cindo, amma Korau ya daɗe da ɗauke ƙafa daga gidansa. Dalili? Shinkafar Cindo ta fi tasa cika ido, kuma ya cika dariya. Mutum ba ya dariya haka kawai, in ji Korau.

Abin farautar Korau kan burtu ne, wato icce da aka sassaƙa kamar wuyan tsuntsun aka dasa masa baki na gaske. Sai ya ɗaura shi a goshi, ya yafa baƙin zane, ya durƙusa yana tafe yana sunkuyar da kai kamar mai kiwo. Tsuntsaye ba sa gudun burtu, don haka yakan shiga tsakiyarsu ya zauna. Ba kullum yake harbi ba. Sau da yawa kallo kawai yake yi, ya ga wa ya zo bana, wa bai zo ba.

A irin wannan zama ne ya lura 'yar agwagwar nan tana da zoben farin ƙarfe a ƙafa, da wasu zane-zane a jikinsa. Ya kuma lura kullum a gonarsa take fara sauka. Bara a nan ne, bara waccan ma a nan ne. To, tsuntsu dai ba shi da maƙeri, wani ne ya sa mata. Wanda ya sa mata kuwa aike ya yi, kuma aiken nan gonar Korau yake zuwa, yana kwashe albarkarta yana tsallakar da ita kunya. Wa ke bayan kunyar? Korau ya ciji leɓe ya ce a ransa, ashe dariyar ke nan.

Da sassafe ya ɗaura kan burtu ya shige cikin shinkafa. Ayarin farko ya iso yana shawagi, 'yar agwagwar ta ware ta dira a kan kunya. Korau ya riƙa matsawa yana saran ƙasa da bakin icce. Ta juyo ta dube shi, ta daɗe tana dubansa, ko motsi ba ta yi ba har ya miƙa hannu ya cafke ta. Zoben ma da ya taɓa shi, sulɓewa ya yi ya faɗo tafinsa kamar dama jira yake. Mai zargi irin Korau, ya kamata wannan sauƙi ya tsaya masa a rai, amma murnar ya kama ƙaninsa dumu-dumu ta rufe masa ido. Ya kai agwagwar gida ya kife ta da kwando. Ayarin kuwa ya yini a sama yana juyi, ba wanda ya kira shi.

Maharba suna da ƙa'ida a kan abin da aka aiko maka da shi. Ba a ƙona shi, ba a binne shi, mayar wa mai shi ake yi, baki alaikum, a ajiye inda hannunsa zai fara taɓawa. Da la'asar Korau ya tsallaka kunya, ya ɗora zoben a kan damin farko da Cindo ya ɗaure, ya dawo yana kakkaɓe hannu.

Washegari da hantsi sai ga Tabawa, matar Cindo, ta faɗo gidan ba sallama, da rigar mijinta a hannu. Ta tambaya ko ƙaninsa ya iso nan. Korau ya ce me zai kawo shi. Ta ce godiya mana. Jiya ya dawo daga gona bakinsa har kunne, ya ce ya ga sawun yayansa a gindin dami, ga kuma kyautar da ya bar masa. Ya gwada zoben a duk yatsunsa bai shiga ba, sai a ɗan ƙaramin nan na shida, ya zauna daram.

“Yaya, da ka gan shi,” in ji ta. “Cewa ya yi, ‘Tabawa, Yaya ya huce. Dubi, har awon ɗan yatsan nan nawa ya riƙe.’ Yau ko karyawa bai yi ba ya fito zai zo wurinka, ya ce ta gona zai bi.”

Suka ɗunguma gonar. Sawun Cindo ya taho tiryan-tiryan har kan kunya, inda ta tsinci rigar. Daga nan sai sawun agwagwa a cikin laka, da wani ɗan yatsa na ƙari a ƙafar dama, taku kaɗan, sai babu. Tafkin ya yi tsit, ayarin da ke sama ya tafi. Korau ya kasa haɗa ido da Tabawa. Ya juya ya nufi gida da gudu, ya ɗage kwandon.

Agwagwar ta kakkaɓe jikinta, ta buɗe baki da muryar tsohuwa.

“Ya kai ɗan Adam mai kan icce, ka zaci ban gane ka ba? Gwiwar burtu baya take lanƙwasa, taka kuwa gaba. Ni ce Mai Fara Sauka. Aikina in zargi kowane ruwa da kowace ƙwaya kafin ayari ya taɓa, zoben nan kuma shi ne aikin. Na tsufa, idona ya fara gajiya. Na daɗe ina neman magaji, ban ga mai zargin da ya fi ni ba sai kai, shi ya sa nake sauka a gonarka. Na sakar maka zoben don ka sa. Wa ya aike ka ka kai wa mutumin da ko kura ta yi masa murmushi zai ce ta shiryu?”

Ta gaya masa yanzu Cindo ne zai riƙa fara dira a ko'ina, abin da ya yarda da shi kuma dubbai za su yarda. Ayarin ya nufi Zangon Fukafukai, inda masu zuwa da masu tafiya ke haɗuwa su yi musayar labarin hanya. In zangon ya tashi, zoben zai bi ƙashi, ba sauran cirewa, wato in ma ya kai can da rai. Hanya kuwa, ya bi shamuwa ta ƙarshe har ƙurewar tafki, zai tarar da mai tsaron ƙofa. Korau ya fara tambayar kansa ko ita ma ƙarya take shirga masa, sai idonsa ya faɗa kan rigar da Tabawa ta biyo shi da ita. Ya saki agwagwar, ya saɓa kwari da baka, ya ɗaura kan burtu ya fita.

Shamuwa guda ta rage a kan tsamiya. Tana tashi ya bi inuwarta, ta cikin kaba, ta cikin burugu, ruwa iya gwiwa, ruwa iya ƙugu, har inda tafki ya ƙure. Can ya tarar da wani zalɓe wanda tsawonsa ya kai giginya, yana tsaye a kan ƙafa ɗaya, gansakuka ta fito masa a ƙauri. Korau ya yi masa sallama.

“Amin, ya kai baƙo,” in ji Zalɓe. “Na tsufa a ƙofar nan ban taɓa ganin burtu ya yi ƙaura ba. Burtu ɗan gida ne, inda damina ta same shi nan rani yake barinsa. Ina za ka?”

Korau ya taho da ƙarya cike da baki, amma da ya dubi idon nan ya gane ya gamu da gwaninsa. Ya ce, “Ranka ya daɗe, ƙanina na biyo.”

“Burtu mai ƙane agwagwa, kuma mai kwari a kafaɗa. Ba a shiga ƙasarmu da ƙarfe mai tsini. Ajiye.”

Tun da ya yi wayo bai taɓa rabuwa da bakansa ba, ko masallaci za shi yakan jingine shi inda yake hange. In tarko ne fa? Ya dubi shamuwa tana ƙara nisa, ya sauke su ya ɗora a kan ruwa. Zalɓe ya ɗaga ƙafar da yake tsaye a kai, ashe rami ta toshe, sararin sama na ciki. Korau ya rufta, ya yi ta faɗawa, sai ya ji tafin ƙafarsa a kan busasshiyar ƙasa.

Samaniyar ƙasar kore ce shar kamar ruwan tafki, kifaye na yawo inda gajimare ya kamata ya kasance. Bai tsaya kallo ba, ya bi shamuwa. Bai yi nisa ba ya shiga wata gonar shinkafa da ba a ganin ƙarshenta, kowace ƙwaya ta kai gyaɗa, ƙanshi kuwa ya isa ya karya wa mai azumi niyya. Ko'ina mutum-mutumi ne, masu kan ƙwarya da tsummokara. Sai dai waɗannan ba kora suke yi ba. Na kusa da shi ya rusuna ya ce, “Lale marhabin da baƙon hanya. Sauka ka ci, gonar nan ba mai ita.”

“Gonar da ba mai ita,” in ji Korau, “wa ya shuka ta layi-layi?”

Ya sa bakin icce ya ɗaga wani kan shinkafa. Asuta ce a ƙasa, tarkon nan na gashin wutsiyar doki. Ya ɗaga na gaba, ita ce dai. Sai a lokacin ya ga gashin agwagi birjik a tsakanin kunyoyi. Mutum-mutumin ya tuntsire da dariya har ƙwaryar kansa na kaɗawa. Ya ce ai ɗazu wani ayari ya biyo da sabon Mai Fara Sauka, ɗan kirki mai ladabi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya gaishe su, har da tambayar iyali, sannan ya kira 'yan'uwansa. Sun ci sun yi hani'an. Shi ɗan ladabin ma asuta ta kama masa fiffike, da ƙyar ya fizge.

Korau ya juya zai wuce, ya ji motsi, ya waiga, sai ya ga duk sun matso taku guda. Ya sake juyawa, suka sake matsowa. To, ya gane, ba sa motsi sai an ba su baya. Ya hau kunya ya riƙa tafiya a karkace, ido nan ido can, bai bar ko ɗaya a bayansa ba har ya fita gonar. Wannan bai ba shi wuya ba, don duk rayuwarsa haka ya yi tafiya a cikin mutane.

Gaba ya iske wani tafki yana ƙyalli, ƙishirwa kuma ta kama shi. Ya jefa hoge, hogen ya tsaya cak a kai bai yi tsalam ba. Danƙo ne, ga ƙafafun tsuntsaye nan a kafe a ciki. Nan ma Cindo ya sauka. Korau ya haɗiye yawu ya wuce, yana jin daɗin kansa kaɗan, yana cewa ga ranar zargi.

Jin daɗin bai je ko'ina ba. Hanya ta ƙare a bakin Kogin Iska, wani kwazazzabo mai faɗi da guguwa ke gudu a cikinsa kamar ambaliya. Shamuwa ta buɗe fukafukai ta haye abinta. A gaɓa ga kwasa-kwasa zaune, tsuntsun nan mai jaka a ƙarƙashin baki, ya kai girman rumbu. Ya wage baki ya ce, “Shigo in haye da kai, ya kai mai kan icce. Ba na neman komai a wurinka.”

Korau ya ja da baya. Mutum ya shiga bakin wani da ƙafarsa? Kuma kyauta? Ai ko Cindo sai ya yi tunani. Ya ce ya gode, zai nemi mashigi. Ya bi gaɓa, ya yi ta tafiya, ƙaya ta yayyage zanensa, tafin ƙafarsa ya tsage, rana ta juya, sai ga shi a gaban kwasa-kwasan dai, inda ya baro shi. Daga ƙetare kuma ya fara jiyo wani gurnani kamar ana buga taushi. Fukafukai ne, zango na shirin tashi.

“Ka je ka dawo,” in ji kwasa-kwasa. “Bakina bai canza ba. Ko dai jirgi ne ko kabari, kuma ba za ka sani ba sai kana ciki.”

Korau ya yi kalmar shahada, ya runtse ido ya shiga. Ƙarnin kifi ya turnuƙe shi, bakin ya rufe, iska ta riƙa wujijjiga su. Ya gama sallamawa an haɗiye shi, har yana cewa ai dama ya sani, sai ya ji an tofar da shi a kan ciyawa. Ya so ya yi godiya, bakinsa bai saba ba, sai kai ya iya gyaɗawa.

Zangon Fukafukai fili ne da ya kewaye wani babban ruwa, ba masaka tsinke. Masu barin ƙasa na gefe guda, shamuwa da shirwa da danginsu. Masu shigowa na ɗaya gefen, agwagi da tsattsewa da wasu masu dogayen ƙafafu da ko Korau bai san sunansu ba. Kowa na ba kowa labari, ina ruwa ya ƙafe, ina aka kafa raga, ina fari suka yi yawa. A tsakiya, bisa wani suri, Gauraka Sarkin Zango yana tsaye da tuntunsa ruwan zinari. A gabansa ga wani ɗan agwagwa, fiffike ɗaya na jan ƙasa, zobe a ɗan yatsan ƙari. Ragowar ayarinsa sun kewaye shi suna kai ƙara, sun ce ya ƙarar da su, ga shi kuma daga nan Fadamar Raga za a nufa, shi ne zai fara dira. Shi kuwa gogan naka yana ta ba su haƙuri, yana cewa wataƙila mutanen gonar nan yunwa ce ta sa su, ba halinsu ba ne.

Korau ya ratsa taron ya faɗi ya yi gaisuwa. Ya ce, “Ranka ya daɗe, zoben nan ba nasa ba ne. Na zo karɓa.”

Gauraka ya sunkuyo ya dube shi. “Zobe ba ya fita sai mai shi ya miƙa ƙafa da kansa, yana sane da gaskiyar wanda yake miƙa wa. Kuma ba ya zuwa hannun mai ɓoyayyiyar fuska. Wane ne kai?”

Korau ya dubi dama ya dubi hagu. Ba dangin da ke filin nan da bai taɓa sa ɗansu a tukunya ba, ga shi ba kwari ba baka. Ya sa hannu ya kwance igiyar, ya ajiye kan burtu a ƙasa, ya miƙe tsaye da fuskarsa ta mutum. Filin ya kaure. Shirwa ta yo ƙasa ta yage masa kunne, dinya ta taso da ƙayar fiffikenta. Gauraka ya ɗaga fiffike guda, aka yi tsit.

Ɗan agwagwan kuwa tsalle ya yi da murna, ya taho yana ɗingishi. “Yaya, kai ne? Ka ga inda kyautarka ta kawo ni. Kada ka damu, na san ba ka san haka take ba.” Yana magana yana miƙo ƙafar.

Korau ya kama zoben ya ja, ko gezau. Ya sake ja. Gauraka ya ce, “Bai san gaskiyarka ba tukuna. Faɗa masa, ko ni in faɗa.”

Can gefen fili shamuwa sun fara tashi, inuwarsu na wucewa ta kansu. Korau ya saki zoben. Ya ce, “Ba kyauta ba ce, Cindo. Na zaci asiri ka aiko wa gonata. Na mayar maka ne don ya ci ka.”

A hankali Cindo ya janye ƙafar ya ɓoye ta a cikin gashi. Ya karkata kai ya dubi yayansa ta gefen ido, tun daga sama har ƙasa. Korau ya san kallon nan, nasa ne, shi yake yi wa mutane tun yana saurayi, amma bai taɓa sanin haka yake da ciwo ba. Yagar da shirwa ta yi masa ba ta kai rabinsa ba.

“To yanzu kuma me ke cikin wannan, Yaya?” in ji Cindo. “Me kake nema?”

“Ni ne a ciki. Wanda ya cire shi, shi zai sa.”

Gauraka ya tabbatar da haka. Ya ce zoben ba ya zama ba ƙafa, kuma wanda ya karɓe shi da saninsa ba zai sake taka ƙasa da ƙafar mutum ba. Tsattsewa suka tashi, shirwa suka bi, filin na ta raguwa, zoben ya fara yin ja yana matse ɗan yatsan.

“Ban yarda da kai ba,” in ji Cindo. “Amma Tabawa na jira, shinkafa kuma tana zuba.” Ya miƙo ƙafar yana kallon wani gefe.

Zoben ya sulɓo. Korau ya zura shi a yatsa, nan take ƙasa ta taso masa, zanen ya zame, hannuwansa suka baje suka zama fukafukai. Inda ɗan agwagwa yake, sai ga Cindo tsaye, hannu ɗaya a saɓule. Ya ɗauki baƙin zanen ya ɗaura, ya juya ya tafi bai waiwayo ba. An ce da ya isa Kogin Iska, sai da ya leƙa cikin bakin kwasa-kwasa ya sake leƙawa kafin ya shiga.

A Fadamar Raga ko gashi guda ayarin bai bari ba. Haka a duk inda suka bi har sanyi ya wuce suka koma arewa. Sun dai yi ta ƙorafi, wai sabon Mai Fara Sauka yana shanya su a sama har kafaɗa ta ƙage, ko ɗigon raɓa sai ya bincike shi. Amma ba wanda ya ce a canza shi.

A Tudun Kaba kuwa, Cindo ya warke, ya noma gonakin biyu. Sai dai dariyar ta tafi. In an gaishe shi da fara'a sai ya tsaya yana duban mutum. Ranar da Tabawa ta ga yana tone fura da ludayi har ƙasan ƙwarya, fura kuwa damun hannunta, ɗaki ta shiga ta yi kuka mai isarta.

Kaka ta zagayo, shamuwa ta taru a kan tsamiya, ayari ya ɓullo daga arewa. Cindo na gona da lauje a hannu, sai wani ɗan agwagwa ya ware ya yo ƙasa, zobe a ƙafa, girar nan a tamke kamar an yi masa laifi. Ya kewaya tafkin, ya leƙa cikin kaba, ya tona gindin shinkafa, har zanen da Tabawa ta shanya sai da ya zagaya ta bayansa. Ba tarko, ba raga, ba komai. Amma bai yi kukan kira ba. Ya zo ya tsaya a kan kunya, ya zuba wa Cindo ido.

Cindo ya yi kamar bai gani ba, ya ci gaba da yanka. Rana ta ɗaga, ayarin na ta juyi a sama, wasu har sun fara layi don gajiya, ɗan agwagwan yana nan inda yake. Can Cindo ya ja tsaki, ya yar da laujen. Ya murje kan shinkafa a tafinsa, ya hure ƙaiƙayin, ya dunƙule hannun ya tsaya yana dubansa ta gefen ido. Ya daɗe a haka. Sannan ya tsuguna a bakin kunya, ya buɗe hannun nan mai yatsa shida.

Korau, wanda ko nonon uwarsa an ce sai da ya shinshina, ya taho kai tsaye. Bai dubi dama ba, bai dubi hagu ba, bai dubi abin da ke cikin tafin ba. Ya sa baki ya ci, wuyansa a miƙe tsakanin yatsun ƙaninsa.

Tabawa na tsakar gida tana sussuka ta jiyo dariyar, tsohuwar dariyar nan, a haɗe da shessheƙa. Ta saki taɓarya ta fito da gudu. Daidai lokacin ɗan agwagwan ya ɗaga kai ya yi kuka, sama ta zubo a kan Tafkin Maje.

Nan masuntan suka tsaya, ni ma ban rage komai a aljihu ba.